Darasi: In Likita Ya Hana Gishiri

A Haɗeja da garuruwan fadama irin su Auyo da Guri, hawan jini da ciwon ƙoda sun shiga gidaje da yawa. Likita yakan ce a rage gishiri. Faɗa da sauƙi, cikawa da wuya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya. A tuna, akwai gishiri cikin dunƙulen Maggi da yajin tsire, kanwa ma danginsa ce.

Wahalar ita ce, kwano ɗaya muke ci. In mara lafiya ya janye hannu a gidan suna, sai a ce girman kai ne, ko yana zargin masu gida. Don kunya sai ya ci, ciwo ya tashi.

Abin yi:
1. Uwargida ta ɗebi miyarsa kafin ta sa gishiri. Daddawa, albasa da citta sun isa.
2. Wani ya zauna ya ci tare da shi.
3. In baƙo ya ce likita ya hana shi, kada a matsa masa.

Tambaya: Wa ke ci shi kaɗai a gidanku?