Me Ya Sa Gana Ba Ta Hana Shigo Da Kajin Waje?

Wani mai sauraro, manomin masara daga Kpandai, ya aiko da tambaya: tunda kajin gida ne ke cin masara da waken soya na arewacin Gana, me ya hana gwamnati ta toshe ƙofar daskararrun kajin waje?

To, malam, an taɓa gwadawa. A 2003 majalisar dokokin Gana ta ɗaga harajin kajin waje daga kashi 20 cikin ɗari zuwa 40, na shinkafa daga 20 zuwa 25. Ba a je ko'ina ba aka dakatar da ƙarin bayan tattaunawa da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya. Masu kiwon kaji suka garzaya kotu, suka yi nasara a 2005, sai majalisa ta soke dokar ƙarin harajin.

Yanzu kuma Gana na bin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ƙololuwarsa kashi 35 ne. Ga kuma mazauna Accra da Kumasi masu son nama da araha, kuma ƙuri'arsu na da nauyi.

Manomi kan sha matsi ta ɗaya gefen ma. A Agustan 2024, da fari ya addabi arewa, gwamnati ta hana fitar da masara, shinkafa da waken soya. Mai buhuna jibge a rumbu a Yendi ko Salaga ya rasa masu saye daga ƙetare.

Don haka ya kamata manoma su haɗa kai cikin ƙungiyoyi, su nemi NAFCO, kamfanin gwamnati mai ajiyar abinci, ya riƙa sayen amfaninsu da farashi mai kyau tun lokacin kaka.