Ja Da Baya Daban, Gudu Daban

'Yan uwa, ina yawan ganin ana rubuta cewa duk 'yan sanda matsorata ne, da sun ji harbi sai su arce. Wallahi wannan ba adalci ba ne.

Ranar 5 ga Yuli 2022, ACP Aminu Umar, kwamandan 'yan sandan shiyyar Dutsin-Ma, ya rasa ransa a dajin Zakka da ke Safana. Yana jagorantar yaransa 'yan bindiga suka yi musu kwanton ɓauna. Allah Ya jiƙansa.

A Suratul Anfal, aya ta 15 da 16, Allah Ya haramta juya baya a fagen fama, sai don dabarar yaƙi ko komawa cikin runduna. Khalid bin Walid ya janye runduna a Mu'uta, kuma Annabi (SAW) ya kira shi takobin Allah.

To, wanda harsashinsa ya ƙare ya ja baya ba matsoraci ba ne. Matsoraci shi ne wanda za a kira daga wani ƙauyen Kurfi cikin dare, ga mota ga makami, ya ƙi fita har gari ya waye. Wannan amana ya ci.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya.