Yadda Ake Awon Hawan Jini da Hannu

Hawan jini cuta ce mai tafiya a ɓoye. Mutum yana iya yin shekaru da ita, ba ciwon kai ba jiri, har ranar da za ta shanye masa ɓarin jiki ko ta lalata masa ƙoda. Ba a gane ta sai da awo, awon kuwa ba shi da amfani sai an bi ƙa'idarsa.

Kayan aikin biyu ne: ɗamarar da ake naɗawa a dantse, mai robar hura iska da agogon lambobi, da kuma abin saurare da likita kan sa a kunne. Wani likitan Rasha, Korotkof, shi ne ya bayyana wannan hanya a 1905.

Wanda za a auna ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa bisa tebur daidai da ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha taba cikin rabin sa'a kafin awo, kada kuma ya yi magana ana cikin yi. A naɗa ɗamarar a kan fata, kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. In ta yi wa mai kaurin dantse kaɗan, za ta nuna lamba fiye da gaskiya.

Ma'aikacin lafiya ya taɓa jijiyar wuyan hannu yana hura iska har bugun ya ɓace, sa'an nan ya ƙara 30 a kan wannan lamba. Ya ɗora abin saurare a kan jijiyar da ke lanƙwasar gwiwar hannu, ya riƙa sakin iska sannu a hankali, lamba 2 ko 3 kowace daƙiƙa. A nan ne masu gaggawa suke kuskure, domin allurar agogon takan wuce bugun farko kafin kunne ya kama shi. Lambar da aka fara jin bugu a kanta ita ce ta sama, wato ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa. Inda sautin ya ɗauke ita ce ta ƙasa. A rubuta abin da aka ji daidai, kada 138 ta zama 140.

Idan awon baligi ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a sake shi bayan minti ɗaya ko biyu, a kuma maimaita wata rana dabam kafin likita ya yanke hukunci.