Iskar ɗaki ita ce kariyar farko ga ma'aikacin asibiti

Duk wanda ke aiki a ɗakin gaggawa ya san lokacin da ake zura wa majinyaci bututun numfashi: fuskar likita ba ta kai kamu biyu daga bakin mara lafiya ba, ga tari, ga majina ana zuƙewa. A irin wannan aiki, da leƙa huhu da na'ura, da sa mai tarin fuka ya kakaro kaki don gwaji, ƙwayoyin cuta kan fito cikin tururi mai laushi da ido ba ya gani, su daɗe suna yawo a ɗakin. A annobar SARS ta 2003, kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne, kuma masu zura bututu suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Mun saba mu ɗora komai a kan takunkumi. Na tiyata an yi shi ne don tare feshin yawu, iska kuwa ta gefen kumatu take shiga. Takunkumin N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, amma sai ya manne da fata, kuma gemu yana hana shi mannewa. Da yawa daga cikin abokan aikinmu masu gemu ne, ba kuma za mu ce su aske ba. Shi ya sa nake ganin iskar ɗakin ta fi cancantar a fara da ita, domin tana kare kowa, har da mai shara da ɗan jinya.

Za a ce ɗakin da injin ke zuƙe iskarsa sai asibitin masu kuɗi. Gaskiya ne. Amma wani bincike da aka wallafa a 2007 kan asibitocin Lima ta ƙasar Peru ya nuna buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana sabunta iskar ɗaki kusan sau 28 a awa, alhali sau 12 ake nema a ɗakin keɓe masu cutar da ke yaɗuwa ta iska. Za a kuma kawo batun zafi da ƙurar hunturu, kuma ƙorafi ne na gaske. Sai dai iyakwandishan ɗin da ake maƙalawa a bango sanyaya iska kawai take yi tana juya ta a ciki. Idan dole ne a rufe ɗaki, a sa fankar da ke fitar da iska waje, a rage masu tsayuwa a kan majinyaci, kaki kuma a karɓe shi a fili, nesa da layin masu jiran ganin likita.