Kare Ma Sai da Biza: Yadda Ake Fita da Kare Ƙasar Waje ta Jirgin Sama

'Yan uwana ɗalibai, na san da yawanmu da sun ga kan maganar nan dariya za su yi. A wajenmu kare na gadi ne, ko na farauta, ko na bin garke a daji. Mutum ma bai samu bizar ba, balle kare! To amma a filayen jiragen sama na Legas da Abuja ana fita da karnuka, ana kuma shigo da su. Akwai ma'aikatan ofisoshin jakadanci da suka gama wa'adinsu, akwai ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji, akwai 'yan ƙasarmu da suka samu aiki a waje, ga kuma masu sayo karnukan tsaro. Kowane kare a cikinsu fayil ɗinsa ya fi na sabon ɗalibi mai rajista kauri.

Abu biyu nake so mu riƙe. Na farko, kusan duk takardun nan saboda cuta guda ake neman su, wato ciwon haukan kare. Na biyu, matakan a jere suke kamar ƙirgen ɗaya, biyu, uku. Wanda ya tsallake ɗaya ko ya juya su, sai ya koma farko, ya yi asarar watanni da kuɗi.

Me ya sa suke tsanantawa haka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kuma kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya suke. Kusan duk wanda ya kamu, daga cizon kare ko yakushinsa ya samu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Matsalar ita ce ƙwayar cutar ba ta nuna kanta da wuri. Tana bin jijiyoyi ne a hankali daga wurin cizon har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma wannan tafiya takan ɗauki makonni ko watanni. A tsawon wannan lokaci kare yana ci, yana wasa, yana kaɗa wutsiya, ko likita ya duba shi da ido ba zai ga komai ba. Ka ga ke nan duba da ido a filin jirgi bai isa ba.

Birtaniya ta rabu da ciwon a dabbobinta na ƙasa tun 1922. Amurka ta bayyana cewa ta kawar da nau'in da ke yawo tsakanin karnuka a 2007. Wanda ya sha wahala ya share gidansa ba zai bari a shigo masa da shara ba. Har zuwa farkon 2012, karen da ya fito daga ƙasa irin tamu sai ya yi wata 6 a killace kafin a sake shi a Birtaniya. Yanzu an maye gurbin wannan da gwajin jini da jira, amma jiran a gida ake yin sa kafin tafiya.

Matakan zuwa Birtaniya da Tarayyar Turai

Najeriya tana cikin ƙasashen da Turai ke ɗauka cewa cutar na nan daram a cikinsu, don haka matakanmu sun fi na wasu yawa. Ga su a jere:

1. Ƙwayar shaida. Wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa, ana kiran ta maikirocif. Likita ke sa ta a ƙarƙashin fatar kare da allura. Tana ɗauke da lamba 15, ana karanta ta da na'urar hannu. Wannan lamba ita ce sunan karen a hukumance, kuma ita za a rubuta a kan kowace takarda. Dole a sa ta kafin allurar rigakafi ko a rana guda da ita. In an yi allurar kafin a sa ƙwayar, allurar ta tashi a banza, domin babu hujjar cewa wannan karen aka yi wa.

2. Allurar rigakafin haukan kare. Sai ɗan kwikwiyo ya cika mako 12 kafin a yi masa.

3. Gwajin jini. Bayan kwana 30 aƙalla da yin allurar, likita zai ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da Turai ta amince da shi. Ba kowane ɗakin gwaji ake karɓar sakamakonsa ba, shi ya sa akan aika samfurin waje, misali cibiyar Onderstepoort da ke Afirka ta Kudu ko wasu cibiyoyi a Turai. Abin da ake aunawa shi ne garkuwar da allurar ta haifar a jinin, kuma dole ta kai 0.5 a ma'aunin duniya a kowace mililita. In ba ta kai ba, sai a sake allura, a sake ɗibar jini.

4. Jira. Wata 3 cif daga ranar da aka ɗebi jinin da ya ci gwajin. Dalili shi ne, gwajin yana nuna kare yana da garkuwa, amma ba ya nuna ko ya riga ya kamu kafin a yi masa allurar. In yana ɗauke da cutar, ana sa ran za ta bayyana a cikin watannin nan.

5. Maganin tsila. Birtaniya da wasu ƙasashe kamar Ailan, Finlan, Malta da Norwe suna buƙatar likita ya ba kare maganin tsila tsakanin awa 24 zuwa awa 120 kafin ya shiga. Ko ka riga lokacin, ko ka makara, duk ba a karɓa.

6. Takardar lafiya da izinin fitarwa. Likitan dabbobi na gwamnati ne zai sa hannu a takardar lafiyar, kuma dole kare ya isa can cikin kwana 10 da bayar da ita. A ɓangarenmu kuma akwai izinin fitarwa daga sashen kula da lafiyar dabbobi na gwamnatin tarayya, sannan jami'an hukumar killace kayan gona da dabbobi, wato NAQS, su duba a filin jirgi.

Mu yi lissafi. A ce an sa ƙwayar shaida an yi allura ranar 1 ga Maris. A ɗebi jini ranar 1 ga Afrilu. Wata 3 ya cika ranar 1 ga Yuli. Wata huɗu ke nan, in komai ya tafi daidai. In kuwa kwikwiyo ne, haɗa mako 12 da kwana 30 da wata 3, za ka ga ba zai iya tafiya ba sai ya kai kimanin wata 7. Wanda aka ba shi mako uku ya tattara ya koma sabon wurin aiki, dole ya bar karen a baya. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma takardu ba su cika ba aka isa Birtaniya, za a iya killace karen har zuwa wata 4, ko a mayar da shi inda ya fito, kuma mai kare ne zai biya. Akwai ma nau'o'in da dokar 1991 ta haramta gaba ɗaya, irin su Pit Bull da Tosa na Japan. Su ko takardunsu sun cika ba za su shiga ba.

Amurka da Ostareliya

A watan Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta dakatar da shigar karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, sai da izini na musamman. Babban dalilinta shi ne yawan takardun rigakafi na jabu. A daidai wannan lokaci ne ma aka gano wani kare da aka shigo da shi daga Azabaijan yana ɗauke da cutar.

Daga 1 ga Agustan 2024 sabbin ƙa'idoji suka fara aiki. Kare sai ya kai wata 6, yana da ƙwayar shaida, kuma an cike masa fom ɗin CDC ta intanet. Wanda aka yi wa rigakafi a ƙasa irin tamu yana buƙatar takardar rigakafi mai sa hannun likitan gwamnati, sannan a kama masa gurbi tun kafin tafiya a ɗaya daga cikin cibiyoyin da CDC ta yi wa rajista. Cibiyoyin a filayen jiragen sama kaɗan suke, kamar na Niyok, Atalanta da Mayami, kuma ta nan kaɗai zai sauka. A can za a duba shi a sake yi masa allura. In babu sakamakon gwajin jini karɓaɓɓe, sai ya yi kwana 28 a killace.

Ostareliya ta fi kowa tsauri. Ba ta karɓar kare kai tsaye daga ƙasar da ba ta cikin jerin da ta amince da su. Sai ya fara zama na kwana 180 a wata ƙasa karɓaɓɓiya, in ya isa kuma a killace shi a cibiyar gwamnati da ke kusa da Melbon.

Keji da jirgi

Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ke da ƙa'idar keji. Dole kare ya iya tsayawa ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta yadda ya saba. Tsawon keji shi ne tsawon kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsayin ƙafarsa ta gaba daga ƙasa zuwa gwiwa. Faɗin kuma ninki biyu na faɗin kafaɗunsa. Ana son keji mai ƙarfi, mai ƙofofin iska, da mazubin ruwan da za a iya cikawa daga waje.

Kamfanoni da dama na barin ƙaramin kare ya zauna da mai shi in nauyinsa da jakarsa bai wuce kilo 8 ba. Manya kuwa ƙasan jirgi suke shiga, a ɓangaren da ake daidaita iska da zafi. Amma zuwa Birtaniya, babba da ƙarami duk a matsayin kaya masu takardar kansu suke shiga, in ban da karnukan da ke yi wa masu buƙata ta musamman jagora. Ba a so a ba kare maganin barci, domin yana sauke hawan jini, kuma a sama abin na iya zama ajali. Karnuka masu gajeren hanci irin su buldog kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar su a ƙasan jirgi saboda numfashi na yi musu wuya.

Ina kuɗin ke tafiya?

Farashi yana canzawa daga kamfani zuwa kamfani, kuma mafi yawansa da dala ko fam ko yuro ake biya. Abubuwan da ake biya dai su ne: ƙwayar shaida, allura, gwajin jini da kuɗin aika samfurin cikin sanyi, takardun gwamnati, keji, kuɗin jirgi, ladan wakilin da ke fitar da kaya, da kuɗin dubawa a can.

Kuɗin jirgi ya fi ba mutane mamaki, domin ana cajin wurin da kejin ya cinye ne in ya fi ainihin nauyin. Ga yadda ake lissafin: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6,000. A ce keji yana da tsawo 100, faɗi 70, tsayi 75. In ka ninka za ka samu 525,000. Raba da 6,000, ya ba ka kilo 87.5. To a ce karen kilo 30 ne, kejin kilo 12, jimla 42. Kamfani zai ɗauki wanda ya fi yawa, wato 87.5. Don misali kawai, in kilo ɗaya dala 10 ne, kana tsammanin biyan dala 420, sai a miƙo maka takardar dala 875. Shi ya sa sau da yawa kuɗin babban kare kan zarce tikitin mai shi.

Mu fa, ina ruwanmu?

Da ruwanmu, ta fuska uku. Ta farko, sana'a ce. 'Yan sashen lafiyar dabbobi, ku ne za ku riƙe kare, ku karanta lambarsa, ku adana samfurin jini, ku kula da ranakun. Sa hannu dai na likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, amma aikin da ke ƙarƙashinsa yana da yawa. 'Yan sashen kasuwanci da sufuri, lissafin kejin can shi ne ake yi wa kowane kaya da ke hawa jirgi, ko citta ce ko zoɓo.

Ta biyu, darajar takarda. Wata rana wani zai zo maka da kuɗi ya ce, "Haba ɗan uwa, ka ɗan ja kwanan watan baya mana, jirgina jibi ne." Ka tuna 2021. Takardun jabu na wasu 'yan tsiraru ne suka sa aka rufe wa ƙasashe fiye da 100 ƙofa har shekara uku.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Cutar da ake kashe wannan dukiya don kada ta shiga Landan, tana nan a unguwanninmu. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwar cutar tana tsayawa. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura a nan gida. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake so a daina mutuwa daga cizon mahaukacin kare, kuma ana tunawa da cutar kowace ranar 28 ga Satumba.

Don haka in akwai kare a gidanku ko a gona, ka sa a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura, a karɓi kati a ajiye. In kuma kare ya ciji wani a gabanka, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar don a fara allura. Kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Allah Ya kare mu, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke gabanmu.