Wa Ya Fi Wa? Darasin Kwatanci Daga Fagen Dambe

1.0 Gabatarwa

Daren 18 ga watan Mayu na shekarar 2024 ya same ni a wani gidan kallo a Kafanchan, muna kallon damben Tyson Fury na Ingila da Oleksandr Usyk na Yukren, wanda aka yi a birnin Riyad. Da aka ɗaga hannun Usyk sai musu ya kaure. Matasa suna cewa 'yan damben yanzu sun fi na da, dattawa kuma suna rantsuwa ba a sake yin kamar Muhammad Ali ba. Ni ma na tsoma baki na ce, "Ai Fury ya fi shi dogo, ya kuma fi shi kashi." Wurin ya ɗauki dariya. Wani dattijo mahauci ya dafa ni ya ce, "Ɗan nan, tsawo ake fi, ba a fin dogo. Ƙashi kuwa ka riƙa matse shi a maƙogwaro, don kada ka zagi mutum ba ka sani ba."

A nan kudancin Kaduna Hausa ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da sauranmu a kasuwa da tasha da makaranta, amma akwai wuraren da Hausarmu ta sauka daga daidaitacciya, kuma kwatanci yana cikinsu. Wannan maƙala za ta dubi yadda Hausa ke kwatanta abu da abu, ta hanyar amfani da wannan tsohon musu: tsakanin zakarun dambe na da da na yanzu, wa ya fi ƙira, wa ya fi nauyin hannu?

2.0 Fifiko: Aikatau "Fi"

Hausa ba ta sauya siffar kalma don nuna fifiko. Aikatau take sa wa aikin, wato "fi". Tsarin jimlar shi ne: wanda ya fi, sai "fi", sai wanda aka fi, sannan abin da aka fi shi. Tsawon Fury mita 2.06 ne, na Mike Tyson kuwa mita 1.78. Saboda haka:

(a) Fury ya fi Tyson tsawo.
(b) *Fury ya fi Tyson dogo.
(c) *Fury ya fi Tyson da tsawo.

Alamar tauraro tana nuna jimlar da daidaitacciyar Hausa ba ta karɓa ba. Laifin (b) shi ne an sa sifa a gurbin suna. "Dogo" sifa ce, "tsawo" suna ne, kuma suna ne ke zama a wannan gurbi: ƙarfi, nauyi, kauri, faɗi, sauri. Laifin (c) kuwa shi ne cusa "da" inda ba a gayyace ta ba. Gurbin "da" yana gaba, inda ake faɗin yawan ratar: Fury ya fi Tyson tsawo da santimita 28.

Idan aiki ake kwatantawa, ana iya kawo suna ɗan aikatau bayan "fi", ko a yi amfani da "fiye da": Ali ya fi Foreman iya kaucewa, Ali yana zagaya fage fiye da Foreman.

3.0 Daidaito da Gazawa: Aikatau "Kai"

In abubuwa biyu sun yi kunnen doki, "kai" ake kira. Usyk da Ali duka tsawonsu mita 1.91 ne, sai mu ce: Usyk ya kai Ali tsawo. Don nuna gazawa, korewa kawai ake yi. Rocky Marciano, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1952 zuwa 1956, nauyinsa wajen kilo 85 ne, Anthony Joshua kuwa yakan haura kilo 105. Ke nan Marciano bai kai Joshua nauyi ba.

A lura, "bai fi ba" da "bai kai ba" ba ɗaya suke ba. Wanda ya ce Usyk bai fi Ali tsawo ba ya faɗi gaskiya, domin daidai suke. Wanda ya ce bai kai shi ba ya yi masa ƙage.

4.0 Ƙololuwar Fifiko

Ana nuna ta da "fi kowa", ko "fi duka", ko kuma "mafi". Ga misalai uku daga tarihin ajin masu nauyi:

(a) Nikolai Valuev na Rasha, mai mita 2.13, ya fi kowane zakaran duniya tsawo.
(b) Tyson ne zakara mafi ƙarancin shekaru, domin yana da 20 ya doke Trevor Berbick a 1986.
(c) George Foreman ne mafi yawan shekaru, domin yana da 45 ya kwantar da Michael Moorer a 1994.

Akwai wani tarko a nan. Idan aka gabato da suna don ƙarfafawa, ko aka yi tambaya da "wa" ko "su wa", to shuɗaɗɗen lokaci na biyu ake amfani da shi. Muna cewa "na da sun fi", amma "na da ne suka fi", da "su wa suka fi?" Jimlar *"na da ne sun fi", wadda kunne ya saba da ita a wajenmu, takan jawo jan biro a takardar jarrabawa.

5.0 Me Ake Kwatantawa?

Rabin musun gidan kallo yana tasowa ne daga rashin tantance kalma. Wanda ya ce "wane ya fi wane girma", jiki yake nufi ko daraja? In shekaru ne ma akwai aikatau na musamman: ya girme shi. Ga kalmomin da ya kamata ɗalibi ya rarrabe:

Ƙira: yadda Allah ya gina jikin mutum, wato tsawo da faɗin ƙirji da kaurin wuya da tsawon hannu. Ba a samunta a wurin motsa jiki. A kiyaye, "kira" da k mara ƙugiya wani abu ne daban, kamar yadda "ƙashi" ya bambanta da "kashi".

Ƙarfi: iya ɗauka ko turewa ko murɗewa. Yana ƙaruwa da horo da abinci.

Nauyin hannu: illar da naushi ke yi idan ya sauka. Ba a auna shi da sikeli.

Zafin nama: saurin kai hannu da saurin kaucewa.

Juriya: iya shan duka da gajiya ba tare da sarewa ba.

Wasu daga cikin waɗannan sunaye 'yan gida ɗaya ne, kamar yadda F. W. Parsons ya nuna tun 1955. Daga ƙarfi ake samun ƙaƙƙarfa da ƙarfafa, daga kauri a sami kakkaura da kaurara, daga faɗi a sami faffaɗa da faɗaɗa. Har ila yau Hausa tana da sifofin zuzutawa, irin su jibgege da gabjeje ga mai tarin jiki, da zanƙalele ga mai tsawo. Amsa-kama kuma ita ke zana faɗuwar: ya faɗi tim, ya zube warwas, ya kwanta shame-shame.

6.0 Ƙira da Nauyin Hannu a Zamunna

Yanzu da muka ware kalmomin, sai mu ɗora su a kan tarihi. Ta fuskar ƙira, matasan gidan kallo suna da gaskiya: yawancin zakarun yanzu sun fi na da jiki. Joe Louis, wanda ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949 ya kuma kare shi sau 25, ya yi yawancin wasanninsa yana wajen kilo 90. Ali da Foreman sun hau sikeli da kilo 98 da kilo 100 a Kinshasa a 1974. Fury ya kai kilo 124 a karonsa na biyu da Deontay Wilder a 2020. A dokar yau, mai kilo 85 irin Marciano ajin da ke ƙasa za a sa shi, wanda aka ƙirƙiro a 1979, kuma iyakarsa a yanzu ta ɗan haura kilo 90.

To, shin ƙira ita ce nauyin hannu? Tarihi ya sha ƙaryata haka. A 1919 Jack Dempsey mai kilo 85 ya yi wa Jess Willard mai kilo 111 jina-jina ya karɓe kambu. A 1935 Louis mai kilo 89 ya gama da Primo Carnera na Italiya mai kilo 118 a turmi na shida. A 2018 Wilder mai kilo 96 ya kai Fury mai kilo 116 ƙasa har sau biyu, ko da yake canjaras aka tashi. A wancan daren na Riyad ma Fury ya fi Usyk nauyi da kusan kilo 18, amma Usyk ne ya jijjiga shi a turmi na tara.

Dalili shi ne naushi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa kafin ya isa dunƙulen hannu. Nauyin jiki yana taimakawa, amma sai ya haɗu da sauri da iya murɗa ƙugu da dacewar lokaci. Naushin da ya sami haɓa ba zato ya fi wanda aka gani aka shirya masa illa, domin yana juya kai da sauri har ƙwaƙwalwa ta girgiza.

Masu son lissafi sukan kawo yawan bugun kwaf ɗaya. Marciano ya yi nasara 49, guda 43 da irin wannan bugu. Foreman yana da 68 cikin 76, Tyson 44 cikin 50. Duka ukun suna tsakanin kashi 88 da 90 cikin ɗari, alhali ƙirarsu da zamaninsu sun sha bamban. Ali yana da 37 cikin 56, wato kashi 66, amma shi ne ya kwantar da Foreman a turmi na takwas. Foreman ya fi Ali nauyin hannu, Ali ya fi Foreman dabara da juriya, kuma babu jimlar da ta rushe 'yar'uwarta. Bugu da ƙari, lissafin bai faɗi irin mutanen da kowa ya kara da su ba, kuma dokoki sun sauya: damben kambu turmi 15 ne a zamanin Ali, aka mayar da shi 12 a shekarun 1980.

7.0 Damben Gargajiya

A gida ma wannan musu yana nan. Damben Hausa, wanda aka daɗe da saninsa da mahauta, turmi uku ake yi, da hannu ɗaya naɗe da kara, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an "kashe" shi. Duk inda aka zauna zancen dambe, ko a Kano ko a Dei-Dei ta Abuja, sai an tambaya ko cikin 'yan yanzu akwai wanda ya kai Shago ko Ɗandunawa ko Ado Ɗan Kore.

Bambancin shi ne su waɗannan mazaje harshe ne ya adana su. Abin da yawancinmu muka sani game da Shago daga bakin makaɗinsa Muhammadu Bawa Ɗan Anace muka ji shi, kuma aikin makaɗi zuga ne da kambamawa. Ɗalibin adabi zai sami dukiya a nan, amma ya san cewa kirari ba sikeli ba ne. Laƙubban 'yan dambe ma darasi ne: Dogo yana nuna ƙira, Bahago yana nuna hannun da ake kisa da shi, Auta da Shagon wane suna nuna gidan da mutum ya fito.

8.0 "Da" Ta Abin da Bai Faru Ba

Tun da zamani ya raba su, duk mai haɗa Marciano da Fury ko Shago da ɗan yanzu dole ya shiga jimlar sharaɗin da bai auku ba. Dubi wannan:

Da 'yan damben da sun haɗu da na yanzu, da an ga aiki.

"Da" huɗu ke nan a rubuce, iri uku a baki. Ta farko da ta ƙarshe su ne na sharaɗi, masu dogon wasali da karin sauti ƙasa. Ta biyu tana nufin zamanin baya, wasalinta dogo ne, sautinta mai faɗuwa. Ta uku ita ce ta haɗi, gajera mai sauti ƙasa. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka kunne ne zai koya mana. A kuma lura, "idan sun haɗu" yana nuna akwai sauran dama, "da sun haɗu" kuwa ya rufe ƙofa.

9.0 Aikin Gwaji

Gyara waɗannan jimloli:
1. Valuev ya fi Louis ƙato.
2. Su wa sun fi nauyin hannu?
3. Joshua ya fi Tyson da tsawo santimita 20.
4. Idan Ali yana raye da ya kalli wasan.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kwatanci a Hausa yana tafiya ne a kan "fi" da "kai" da korewarsu, kuma suna ne ke biyo baya. Ta kuma nuna cewa na yanzu sun fi na da ƙira, amma babu hujjar cewa sun fi su nauyin hannu, domin kowane zamani ya ga ƙaramin da ya kayar da ƙato. Masu iya magana sun ce gaba da gabanta. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka koyi Hausa a kasuwa kafin aji, ita ce duk lokacin da muka ce "ya fi", mu tabbata mun faɗi abin da aka fi, mu kuma ba ƙugiya haƙƙinta.