Kuɗin Kuza na Sinawan Barniyo

A kudu maso gabashin Asiya akwai wani babban tsibiri wanda ake kira Barniyo. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 sarakunan Sambas da Mempawah, waɗanda ke yammacin tsibirin, suka kirawo mutanen Sin su zo su haƙa musu zinariya. Yawancin waɗanda suka amsa kiran talakawa ne daga kudancin ƙasar Sin. Da yake baƙi ne, ba su da gata sai junansu, sai suka haɗa kai ƙungiya ƙungiya, kowace suna ce da ita kongsi, watau jama'ar da ta yi tarayya cikin aiki da riba.

A shekara ta 1776 kongsi goma sha huɗu suka haɗu a garin Montrado, suka sa wa haɗuwarsu suna Heshun. A 1777 kuma Luo Fangbo ya kafa wata mai suna Lanfang. Su ke zaɓen shugabanninsu, su yi shari'a, su karɓi haraji. Na Montrado har kuɗi suka zuba na kansu, da kuza da darma.

Kuɗin nan kewayayye ne da huda a tsakiya, kamar anini, sai dai hudar mai kusurwa huɗu ce. To, ga abin lura. A ƙasar Sin al'ada ita ce a rubuta sunan zamanin sarki bisa kuɗi. Waɗannan kuwa sunan kongsi suka rubuta a gurbinsa, kamar Dagang, wadda ta fi sauran ƙarfi. Wanda ya karanta haruffa huɗun nan ya san wanda ke da iko a Montrado a lokacin.

Turawan Holanda suka yaƙe su tun daga 1850, suka ci Montrado a 1854, suka rushe ƙungiyoyinta. Lanfang ta daɗe har 1884. Ikonsu ya wuce, amma kuɗin ya wanzu yana ba da shaida. Don haka ne masu tara tsofaffin kuɗi da lambobin tunawa ke nemansa ido rufe.

Abin da ya yi wuya kuwa ba ya rasa jabu. Mai tarawa ya kamata ya duba abu uku. Na fari ƙarfen, gama kuza da darma ba su da nauyi ko launi irin na tagulla. Na biyu rubutun, ya gwada shi da na gidajen ajiye kayan tarihi. Na uku asalin, watau inda aka samo shi da hannuwan da ya bi. Kada kuma ya goge shi don ya yi ƙyalli, gama darma tana da taushi, rubutun zai shafe, shaidar ta ɓace.

Mu da za mu koyar da tarihi, mu riƙa nuna wa yara cewa ba a littafi kaɗai ake karanta shi ba. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.